Yadda ake sa sabis ya tashi bayan logrotate ya gama juya log

A kan sabar Linux da ke ɗauke da shafin intanet, nginx, manhajar da ke miƙa wa maziyarta shafukan, yana rubuta layi ɗaya a cikin fayil ɗin rajistarsa (log) mai suna access.log duk lokacin da aka nemi shafi ko wani fayil daga gare shi, kuma da za a bar fayil ɗin haka nan, sai ya yi ta girma har ya cinye diski. Manhajar logrotate ce ke hana hakan: sau ɗaya a rana tana sauya wa fayil ɗin suna, ta buɗe sabo, ta matse tsoffin, sannan ta goge wanda ya fi daɗewa. A tsarin da Debian da Ubuntu ke zuwa da shi, kwafi 14 kawai ake ajiyewa na nginx, wato duk abin da ya wuce mako biyu ya tafi ke nan. Wanda yake son ya riƙe log na tsawon shekara dole ne ya riƙa kwashe su zuwa wata sabar, kuma lokacin da ya dace a yi kwasar shi ne daidai bayan logrotate ya ƙare, ba yana tsakiyar matse fayil ba. Wannan misalin za mu bi daga farko har ƙarshe, amma hanyar ɗaya ce ko da aikin da ake so a yi shi ne haɗa rahoton maziyarta ko tura log zuwa wata manhajar bincike.

Abin da yawancin mutane ke fara yi shi ne su saka aikin kwasar da ƙarfe ɗaya na dare, bisa zaton cewa logrotate ya tashi da sha biyu kuma ya riga ya gama. Wannan zato ba shi da tushe mai ƙarfi. Agogon da ke tayar da logrotate, wato logrotate.timer, an tsara shi da sassauci na jinkiri, don haka ba lallai ne ya tashi daidai tsakar dare ba, kuma yana ɗauke da Persistent=true, ma'ana idan na'urar tana kashe a lokacin da ya kamata ya tashi, zai rama da zarar an kunna ta, ko da ƙarfe tara na safe ne. Abin da ake buƙata shi ne ƙarewar logrotate ɗin kanta ta zama abin da ke tayar da aikin.

Wane ne ke tayar da logrotate a wannan na'urar

Kafin a rubuta komai sai a tabbatar da wannan, domin duk sauran matakan a kansa suka dogara.

```
systemctl list-timers logrotate.timer
systemctl cat logrotate.service
systemctl --version
```

Idan umarni na farko ya nuna layi mai ɗauke da lokacin tashi na gaba da na baya, to systemd, manhajar da ke tayar da ayyuka da tsayar da su a Linux, shi ne ke tafiyar da shi, kamar yadda yake a Debian tun daga fitowa ta 10, da Ubuntu 20.04 zuwa sama, da RHEL (Red Hat Enterprise Linux) 9. A Debian da Ubuntu za a iya tarar da fayil ɗin /etc/cron.daily/logrotate yana nan, amma kada ya ruɗi mutum: a farkonsa akwai layin da ke sa ya fita ba tare da ya yi komai ba muddin systemd na aiki. Idan kuwa babu agogon sam, kamar a RHEL 8, to cron, tsohuwar manhajar gudanar da ayyuka a kan lokaci, shi ne ke da ragamar, kuma akwai bayanin wannan a can ƙasa.

Umarni na biyu zai fito da abin da ke cikin sabis ɗin, wato fayil ɗin da ke gaya wa systemd yadda zai gudanar da logrotate, kuma layin da ya fi muhimmanci shi ne Type=oneshot. Sabis irin wannan systemd ba ya ɗaukarsa a matsayin wanda ya gama tashi sai manhajar ta yi aikinta ta fita. Saboda haka duk abin da aka ce ya jira logrotate.service, to zai jira har a gama juyawa da matsewa gaba ɗaya, ba wai farawa kawai ba. Umarni na uku kuma lambar fitowar systemd yake nunawa, a riƙe ta, domin 249 ce iyakar da ta raba hanyoyi biyun da za mu gani.

Gyara sunayen fayiloli kafin a fara kwasa

Wannan mataki ba na systemd ba ne, amma wanda ya tsallake shi zai kwashi shara. A tsarin Debian, log ɗin jiya sunansa access.log.1, na shekaranjiya access.log.2.gz, kuma gobe wannan na biyun zai koma access.log.3.gz. Tunda suna ɗaya yana ɗaukar abu daban kowace rana, kwafin yau zai danne na jiya a sabar ajiya, a wayi gari can ma mako biyun ne kawai ake da shi. Maganin shi ne a buɗe /etc/logrotate.d/nginx a ƙara layi biyu a cikin sashen:

```
dateext
dateyesterday
```

Na farko yana sa sunan ya ɗauki kwanan wata, kamar access.log-20250314.gz, wanda ba zai sake canzawa ba. Na biyu yana sa a rubuta kwanan jiya maimakon na ranar da aka juya, don sunan ya yi daidai da abin da ke ciki. A dangin Red Hat dateext a kunne yake tun asali a /etc/logrotate.conf. Bayan wannan canji, tsoffin fayiloli masu lamba logrotate ba zai ƙara kula su ba, sai mutum ya kwashe su ya goge da hannunsa.

A cikin wannan fayil ɗin za a ga delaycompress, kuma a bar shi yadda yake. Idan aka aika wa nginx sigina ya sake buɗe log, yana iya ƙara 'yan layuka a tsohon fayil kafin ya sake shi, shi ya sa ake jinkirta matse shi zuwa zagaye na gaba. Abin da wannan ke nufi a gare mu shi ne fayiloli masu ƙarewa da .gz kaɗai za mu kwasa, domin su ne aka tabbata an rufe su, ko da yake hakan na sa ajiyar ta kasance a baya da kwana ɗaya.

Rubuta aikin da sabis ɗinsa

A ƙirƙiri fayil mai suna /usr/local/sbin/kwashe-log da wannan a ciki, wanda ke amfani da rsync, manhajar kwafe fayiloli zuwa wata na'ura:

```
#!/bin/sh
set -eu
rsync -a --ignore-existing \
  --include='*.gz' --exclude='*' \
  -e 'ssh -i /root/.ssh/ajiya -o BatchMode=yes' \
  /var/log/nginx/ ajiya@192.0.2.10:/srv/log/nginx/
```

Adireshin 192.0.2.10 na misali ne, a maye gurbinsa da na sabar ajiya. Ba a saka --delete ba da gangan, don abin da logrotate ya goge a nan ya ci gaba da zama a can. BatchMode=yes kuma yana hana ssh tsayawa yana tambayar kalmar sirri cikin dare alhali babu mai amsa masa. A ba fayil ɗin izinin aiki da chmod 755, sannan a shiga sabar ajiyar sau ɗaya da hannu a matsayin root da wannan makullin, don a amince da shaidarta ta shiga known_hosts, kuma a gudanar da fayil ɗin a ga ya yi aiki shi kaɗai. Idan bai yi aiki a hannu ba, systemd ba zai gyara shi ba.

Sai sabis ɗin, a /etc/systemd/system/kwashe-log.service:

```
[Unit]
Description=Kwashe tsoffin log na nginx zuwa sabar ajiya
After=logrotate.service network-online.target
Wants=network-online.target

[Service]
Type=oneshot
ExecStart=/usr/local/sbin/kwashe-log
TimeoutStartSec=30min
Nice=10
```

An ambaci network-online.target ne saboda ranar da logrotate zai tashi jim kaɗan bayan kunna na'ura, lokacin da wataƙila ba a gama haɗuwa da intanet ba. TimeoutStartSec kuma wajibi ne a ganina, domin sabis na oneshot ba shi da wa'adi idan ba a ba shi ba, kuma layin da ya maƙale zai iya riƙe shi har abada. Akwai layi ɗaya da ake yawan gani a misalai wanda bai kamata ya shigo nan ba, wato RemainAfterExit=yes. Yana sa systemd ya ci gaba da ɗaukar sabis ɗin a matsayin mai aiki bayan ya gama, kuma tayar da abin da yake tashe ba ya haifar da komai, don haka kwasar za ta gudana a daren farko kawai ta yi shiru daga nan.

Bayan an ajiye fayil ɗin sai a gudanar da systemctl daemon-reload.

A nan ne mutane da yawa ke tsayawa, suna ganin sun gama tunda sun rubuta After=logrotate.service, sai su wayi gari babu abin da ya faru. Kalmar After ba ta tayar da kowa. Abin da take cewa kawai shi ne, idan ya zamana an nemi a tayar da su biyun a lokaci guda, to wannan ya tsaya a bayan wancan. Kamar a ce wa mutum idan ya zo ya bi layi a bayan wane, amma ba a aika masa ya zo ba. Aikawar daban take, kuma ita ce mataki na gaba.

Haɗa su biyun

Idan lambar systemd ta kai 249, kamar a Ubuntu 22.04 da Debian 12 da RHEL 9, akwai umarnin da aka yi musamman don wannan buƙata. A rubuta:

```
systemctl edit logrotate.service
```

A cikin wurin da ya buɗe a saka layukan nan biyu, a ajiye:

```
[Unit]
OnSuccess=kwashe-log.service
```

Wannan zai ƙirƙiri /etc/systemd/system/logrotate.service.d/override.conf, ya kuma sake loda saitin da kansa. Dalilin bin wannan hanya maimakon gyara ainihin fayil ɗin da ya zo da manhajar shi ne, ranar da aka sabunta logrotate za a danne ainihin, amma ƙarin da ke ƙarƙashin /etc zai tsira. A kula cewa sashen [Unit] ne, ba [Service] ba, domin idan aka saka shi a wurin da ba nasa ba systemd zai yi watsi da layin, ya bar ɗan gargaɗi a cikin rajistarsa wanda ba kowa ke dubawa ba. A tabbatar da systemctl show logrotate.service -p OnSuccess, wanda ya kamata ya maido da sunan sabis ɗinmu.

Sai dai ya kamata a fahimci abin da nasara take nufi a wurin logrotate kafin a dogara da ita. Manhajar tana bin duk fayilolin da ke /etc/logrotate.d a tashi ɗaya, kuma kuskure a kowanne daga ciki yana sa ta fita da lambar gazawa, ko da ta juya sauran lafiya. Log ɗin wata manhaja da aka cire tuntuni wanda ba a saka masa missingok ba, ko fayil ɗaya da aka ambata a wurare biyu, ya isa ya sa a ce logrotate ya gaza kowane dare, kuma muddin hakan na faruwa OnSuccess ba zai tayar da komai ba, duk da cewa log ɗin nginx an juya shi yadda ya kamata. A ɗaya ɓangaren kuma, daren da babu abin juyawa sam shi ma nasara ne, sabis ɗin zai tashi, don haka dole aikin ya zama wanda maimaita shi ba ya ɓata komai, kamar yadda --ignore-existing ya tabbatar mana.

Hanya ta biyu tana aiki a tsoffin fitowa irin su Debian 11 mai 247 da Ubuntu 20.04 mai 245, kuma tana aiki a sababbin ma. A ƙara wannan a ƙarshen kwashe-log.service:

```
[Install]
WantedBy=logrotate.service
```

Sannan a gudanar da systemctl daemon-reload da systemctl enable kwashe-log.service. Hakan zai ajiye mahaɗi a cikin /etc/systemd/system/logrotate.service.wants/, kuma daga nan duk lokacin da agogo ya tayar da logrotate, systemd zai jera namu tare da shi, After ɗin da muka rubuta kuma ya riƙe shi har wancan ya fita. A nan ne After ke yin amfaninsa na gaskiya, domin in babu shi su biyun za su tashi a tare, rsync ya kama fayil ana cikin matse shi.

Bambancin shi ne wannan hanyar ba ta damu da ko logrotate ya yi nasara ko ya gaza ba. Ga aikin kwashe log ni na fi son ta, ko a kan sabuwar na'ura, domin na gwammace a kwashe abin da ya samu da a tsaya saboda kuskuren da bai shafe ni ba. Amma idan aikin na goge wani abu ne, ko na tura rahoton da bai kamata ya fita da giɓi ba, OnSuccess ya fi dacewa. Wanda yake kan tsohuwar fitowa kuma yana son wannan sharaɗin zai iya ƙara layi a sashen [Service], muddin lambarsa ta kai 243:

```
ExecCondition=/bin/sh -c '! systemctl is-failed --quiet logrotate.service'
```

Ɗaya daga cikin hanyoyin biyu za a zaɓa, kada a haɗa su.

Tarkon da ke cikin postrotate da lastaction

Logrotate yana da nasa wuraren saka umarni, kuma da yake sun fi sauƙin gani, hannu ya fi saurin kaiwa gare su. Postrotate yana gudana bayan an sauya sunan fayil amma kafin a matse, don haka bai dace da kwasa ba. Lastaction yana zuwa bayan an gama da duk fayilolin wannan sashen, kuma sai idan an juya aƙalla ɗaya, amma sashen kaɗai ya sani, bai san ko sauran sassa sun gama ba.

Na taɓa saka systemctl start a cikin lastaction a wata sabar da nake kula da ita, alhali sabis ɗin da nake tayarwa yana ɗauke da After=logrotate.service. Sai bayan kwanaki, da na ga access.log ya yi girman da bai saba yi ba, na duba na tarar da logrotate.service yana nuna activating tun daren da na yi gyaran. Umarnin systemctl list-jobs ya nuna layi biyu, logrotate a matsayin running, nawa a matsayin waiting. Logrotate yana jiran systemctl ya dawo kafin ya fita, systemctl yana jiran sabis ɗina ya gama, sabis ɗina kuma yana jiran logrotate ya fita, kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido. Da yake oneshot ba shi da wa'adi babu wanda ya raba su, kuma agogon bai sake tashi ba tunda a wurinsa aikin farko bai ƙare ba, don haka ba log ɗin nginx kaɗai ba, duk na'urar ce ta daina juyawa. Sai da na tsayar da logrotate.service da hannu sannan abubuwa suka warware. Haka ma zai faru idan aka saka irin wannan umarni a ExecStartPost na logrotate.service.

Idan dole sai an tayar da sabis daga ciki, to a rubuta shi da --no-block, wanda ke jera aikin ya dawo nan take ba tare da jira ba:

```
lastaction
    systemctl start --no-block kwashe-log.service
endscript
```

Wannan ita ce hanyar da ta rage ga na'urar da cron ke tafiyar da logrotate a cikinta, tunda can babu logrotate.service da za a jingina da shi. Ko kuma a ajiye ɗan fayil a /etc/cron.daily da suna kamar zz-kwashe-log, domin ana gudanar da abin da ke wannan wurin ɗaya bayan ɗaya bisa jerin haruffa.

Gwaji

Kada a gwada da logrotate -f daga layin umarni a sa ran ganin sabis ɗin ya tashi. Wannan yana kiran manhajar kai tsaye ba tare da sanin systemd ba, don haka OnSuccess da WantedBy ba za su motsa ba, kuma an juya log ɗin mutane a banza. Gwajin da ya dace shi ne:

```
logrotate -d /etc/logrotate.conf
systemctl start logrotate.service
journalctl -u logrotate.service -u kwashe-log.service -n 30
```

Na farko yana karanta saitin ya faɗi abin da zai yi da kurakuran da ya gani ba tare da ya taɓa fayil ko ɗaya ba. Na biyu ba zai juya komai ba idan an riga an juya a yau, domin logrotate yana riƙe da kwanan juyawar ƙarshe na kowane fayil a ƙarƙashin /var/lib/logrotate, amma zai tashi ya fita, kuma hakan ya isa ya ja namu. A cikin abin da journalctl ya nuna, layin gamawar logrotate ya kamata ya riga layin farawar kwashe-log. Don a ga yadda gazawa take, a iya ajiye fayil na wucin gadi a /etc/logrotate.d mai nuni ga log ɗin da babu shi, a sake tayarwa, a ga ko sabis ɗin ya yi abin da aka zaɓa masa, sannan a cire fayil ɗin a gudanar da systemctl reset-failed logrotate.service.

Akwai wani layi a logrotate.service da ya shafi masu amfani da laftof a matsayin ƙaramar sabar ofis, wato ConditionACPower=true. Idan an ɗauke wuta kuma na'urar tana kan batirinta a lokacin da agogon ya buga, systemd zai tsallake logrotate a wannan daren ba tare da ya kira hakan gazawa ba, OnSuccess kuma ba zai tashi ba tunda babu abin da ya gudana. Sabar da ke kan inbata ko janareta wannan bai shafe ta ba, domin ita a wurinta wuta ce ke shigowa ta soket. Wanda abin ya dame shi zai iya soke sharaɗin ta hanyar ƙara ConditionACPower= babu komai a gabansa a sashen [Unit] na override.conf ɗin nan.

Washegari da safe a sake gudanar da journalctl ɗin da --since yesterday, a duba systemctl list-jobs a ga babu abin da ke jira, sannan a leƙa /srv/log/nginx a sabar ajiya. Saboda delaycompress, fayil na farko mai kwanan wata ba zai bayyana a can ba sai a safiya ta biyu.